Sunan da Lorilyn Ta Ciro Daga Gwangwani

Nang Soling,

Don Allah ki taimaka mini da shawara kafin ranar sha takwas ga wata. Kaina ya ɗaure, kuma a ƙauyen nan duk wanda na faɗa wa maganar, sai ta riga ni isa kasuwar kifi.

'Yata Lorilyn shekararta takwas, tana aji uku. Mai koya musu addini duk Laraba ita ce Malama Puring, wata dattijuwa da coci ke turowa makarantar. Ni ma ita ta koya mini addu'a ina ƙarama. Da Disamba ta kama sai ta shirya musu Manito-Manita yadda aka saba, sunayen 'yan aji a cikin gwangwanin biskit, kowa ya ciri ɗaya ya riƙa ajiye wa mai sunan 'yar kyauta a ɓoye duk mako, har ranar bikin Kirsimeti na aji, wato sha takwas ga wata. Sai dai ta ƙara nata gishirin. Ta ce musu Allah ne ke zaɓa wa kowa suna, kuma mai ƙaunar Allah zai nuna ta ne a kan wanda aka ba shi. Ta kuma ja musu kunne kada su faɗa wa kowa, har iyayensu.

Ina wanki na tsinci takardar a aljihun siket ɗinta. Sunan Jesabel ne, 'yar Nong Berting.

Shekara biyu ke nan da guguwa ta ritsa da ƙanena Rolly a teku, injinsa ya mutu. Berting ya ɗaura kwalekwalen Rolly a nasa yana ja. Berting ya dawo gida, Rolly kuwa ko gawarsa ba mu gani ba. Wai igiya ce ta tsinke. Nang, na ga guntun igiyar da idona, kuma a gidan masunta aka haife ni, na san tsinkewa, na san yankan wuƙa. Tun daga ranar ba ma ga-maciji da gidansu. Ko a coci, in aka zo gaisuwar salama, wancan gefen nake juyawa.

Yara talatin da huɗu a aji, a ce 'yata ce za ta ciro wannan sunan? Na bi diddigi. Wata maƙwabciyata ta ji daga ɗanta cewa Lorilyn aka kira a ƙarshe, takarda ɗaya ta rage a gwangwanin. Kuma Malama Puring ita ta tsaya wa Jesabel ranar baftisma. Har na fara tunanin ko matar Berting ce ta kai mata kuka, suka ƙulla abin tare don a wanke sunan mijinta ta hannun 'yata. Ko kuwa ni ce na fara zarewa?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yarinyar ta fara yi mini ƙarya. Makon da aka ce a ba da abu mai zaƙi, ta dawo da yunwa, ta rantse ta cinye wainar shinkafar da na naɗe mata a ganyen ayaba. Makon abu mai tsawo, jan ribbon ɗin ɗaure gashi da babanta ya aiko mata daga jirgin da yake aiki ya ɓace, wai ya faɗa ruwa. Ranar Lahadi na gan shi a kan Jesabel, tana zaune ita kaɗai a ƙarshen benci, don tun bayan guguwar yara sun daina wasa da ita. Shekaranjiya kuma ina taje wa Lorilyn kai ta tambaye ni ko waɗanda suka mutu suna jin haushi in an so wanda bai kamata ba. Na ce ta yi mini shiru.

Ranar bikin kowane yaro zai tashi a gaban iyaye ya faɗi sunan nasa, ya miƙa babbar kyauta. Berting zai zo. In hana ta zuwa? In kai ƙarar malamar wurin Fada, limamin cocinmu? Ba na son 'yata ta taso tana ganin sai ta yaudare ni kafin ta faranta wa Allah.

Yayar Rolly, daga gaɓar tekun Leyte

Amsa

Inday, Yayar Rolly,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ba zarewa kike yi ba. Na yi shekara ashirin ina koyar da 'yan firamare, na san hannun tsohuwar malama a cikin gwangwani. Mai yiwuwa ne ta shirya. In haka ne ta yi kuskure biyu: ta ɗora wa Allah zaɓin da ita ta yi, sannan ta aza wa 'yar shekara takwas kayan da manya suka kasa ɗauka, ta kuma ce ta ɓoye wa uwarta. Kina da haƙƙin tambaya. Je ki same ta ke kaɗai bayan darasin Laraba, ki tambaye ta kai tsaye. Kada ki fara da Fada. Maganar haɗin baki da matar Berting kuwa ki ajiye ta, ba ki da komai a hannu sai zato. Zai yiwu malamar ta gaji ne da ganin yarinya ita kaɗai a ƙarshen benci.

Game da igiya, ban san gaskiya ba, kuma ba zan ce ki yafe kafin sha takwas ga wata ba. Amma ki lissafa, lokacin guguwar Jesabel shekararta shida, tana gida.

Ga abin da bincikenki ya tsallake. Duk malamin firamare ya san yara na musayar takardun nan kafin a tashi tara, wannan ba ya son waccan, waccan tana son ƙawarta. Lorilyn ta san sarai wace ce Jesabel a gidanku, amma ta riƙe tata. Kyautar da ake nema alewa ce ko fensir, ita kuwa ta ba da abincinta da abin da ta fi so a duniya. Wannan ba malama ce ta tilasta mata ba. 'Yarki ba maƙaryaciya ba ce, tsoro take ji kada ta ɓata miki, kuma tambayar da ta yi miki kina taje mata kai har yanzu tana jiran amsa.

Yau ɗin nan ki zaunar da ita. Ki ce kin ga takardar, kin ga ribbon ɗin, kuma ba kya fushi. Ki ce mata kawunta Rolly ba ya jin haushin yarinyar da ta ciyar da wata. Ki kuma faɗa mata cewa daga yau duk wanda ya ce ta ɓoye miki abu, ko wane ne shi, ta zo ta gaya miki.

Kada ki hana ta zuwa bikin, kuma ke ma ki je. Ba sai kin gaisa da Berting ba, ba sai kin kalli gefensa ba. Ki dai zauna inda 'yarki za ta iya hango ki, domin idan aka kira sunanta ta tashi da kyautar a hannu, kafin ta taka ko ƙafa ɗaya fuskarki za ta fara dubawa. Abin da ta gani a nan shi za ta riƙe game da ƙaunar Allah, fiye da duk Larabar da Malama Puring za ta yi da ita.

Ubangiji ya ba Rolly hutu, ya sanyaya zuciyarki, ya raya miki Lorilyn.

Nang Soling