Ɗan Barewar Lambara

Bodinga

Zuwa ga Safinatu,

Bayan gaisuwa da ƙara ta'aziyyar ƙanena Maniru, ya takaba?

Kasuwar naman daji ta mutu. Masu saye sun ce maharba na zuba guba a tafki, mushe ake kyafewa a kawo mana. Da naman Maniru kaɗai suka yarda, don sun san shi da wuƙarsa da bisimillarsa. Yanzu wani Alhaji na son barewa mai rai, a yanka a gabansa. Ki aiko da ɗan barewar nan na gidanku.

Yayanku,
Zayyanu

Lambara

Yaya Zayyanu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Yaya Bahijja da yara. Takaba da godiya.

Ba na kuka. Ina cin tuwo, ban san ɗanɗanonsa ba.

Ɗan barewar nan, uwarsa ƙanenka ya harba. Sai da ya yanka ta ya ga nono na zuba. Ya bi sawu ya tarar da shi cikin sabara, ya sako shi cikin riga. Tun ranar bai sake ɗaukar bindiga ba, har zazzaɓin ajali ya kwantar da shi. Akuyata ke shayar da ɗan barewar. Bisa buzun marigayi yake kwana.

Ka yi mini haƙuri.

Ƙanwarka,
Safinatu

Bodinga

Safinatu,

Gaisuwa mai yawa. Ni ma Maniru ƙanena ne, amma bakin yara ba ya jiran tausayi. Dabbar tana cikin gado, muna da haƙƙi a ciki. In kin sake shi ma, tafkin nan mai guba zai sha. Ɗana Nura na tafe ranar kasuwa da babur.

Ki huta lafiya.
Zayyanu

Lambara

Yaya,

Ina gaisuwa. Nura ya iso, ya ci abinci.

Liman ya zo ya duba maganar gadon. Na ba da tunkiyata, wadda na zo da ita daga gidanmu, a madadin rabonku. Ga bindigar nan ma cikin buhu, da wuƙar.

Ɗan barewa na nan. Jiya ya fara cin harawa, na zauna ina kallo har aka kira la'asar.

Wanda ya tambayi naman ƙanenka, ka ce masa ya ƙare.

Allah ya bar zumunci.
Safinatu