Gefen da Auta Bai Gani Ba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ga hoton sunan da kika matsa in aiko. Ni ne a tsakiya, kada ki ce baƙo ne. Maman 'yan biyu ta ce girkinta ne ya karɓe ni. Sau biyu na sake takalmi bana, zoben Baba kuwa sai da maƙeri ya yanke shi daga yatsana. A wurin aiki ma Basamude suke kirana.

Har yanzu ni ke jan motar ma'aikatan kamfani, safe da yamma. Ciwon kai ne kawai ke damuna, ina shan magani.

Ki huta lafiya.
Naki, Auta.

*

Auta,

Amin wa alaikumus salam. Hoto ya iso, kuma ban yi dariya ba. Shekara ashirin da shida na yi ina aikin jinya a asibiti, na san ƙiba. Wannan ba ita ba ce. Haɓarka ta fito, goshinka ya yi tudu, ga wushirya a bakin da na goye tun bai yi haƙori ba. Ɗan shekara arba'in ba ya girma, Auta. Su da ke ganinka kullum ba za su lura ba, ni da na shekara uku ban gan ka ba na lura.

Ka je babban asibiti makon nan, ka ce a haɗa ka da likitan sinadaran jiki. Ka tafi da tsohon hotonka. Ba shawara nake ba ka ba.

Ka gaida ƙanwata da yara.
Yayarka.

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na je. Sun ɗebi jini, sun sa ni cikin wata na'ura mai ƙara suka ɗauki hoton kaina.

Likita ya zana mini a takarda. Ya ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu, bai wuce ƙwayar wake ba, shi ke zuba sinadarin girma a cikin jini. Nawa ya yi ƙari, yana ta zubawa ba tsayawa. Sai ya ce in kalli hancinsa. Ya tambaye ni, “Yatsu nawa na ɗaga?” Na ce, “Likita, ai ba ka ɗaga komai ba.” Ashe hannunsa na nan daidai kafaɗata. Ƙarin ya danne jijiyar ido, gefe da gefe ba na gani. Ya ce aiki za a yi ta hanci, amma layi sai nan da wata huɗu. Ya ce, “Daga yau ka ajiye makullin mota.”

Yaya, ban ajiye ba. In manaja ya ji, a ranar zai sallame ni, ga jaririya, ga 'yan biyu a makaranta. Hanyar nan shekara goma sha ɗaya ina binta, na san kowane rami. Ina juya wuya sosai a kwana. Ko maman 'yan biyu ban gaya wa zancen idon ba. Don Allah ki rufa mini asiri.

Ƙaninki, Auta.

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Mutum talatin kake ɗauka, kowa da masu jiransa a gida. Ramin hanya ka sani, mutumin da zai tsallaka ba ka san shi ba.

Na rubuta wa manajanku takarda, har na sa a ambulan. Na kai bakin ƙofa, sai na tuna ranar da Inna ta damƙa mini hannunka, na dawo na sa ta a durowa. Na ba ka zuwa ƙarshen wata ka faɗa da bakinka, ko da za a mayar da kai gadi ko wankin mota. In ba ka faɗa ba zan aika.

Allah ya ba ka lafiya.
Yayarka.

*

Yaya,

Ki yi haƙuri da shirun da na yi. Na kasa ɗaga wayarki ne.

Ranar Talata da safe, a kwanar da ke gaban kamfani, na buge wata mata mai sharar titi. Ban gan ta ba. Ƙara kawai na ji ta gefen hagu, sai ihun ma'aikata. Da na sauka tsintsiyarta na ƙarƙashin taya. Ni na ɗauke ta da hannuwan nan, ba ta da nauyi ko kaɗan. Kafin mu kai asibiti ta cika.

Ma'aikata sun shaida wa 'yan sanda ba gudu nake ba. An rubuta ita ce ta shigo titi, aka sake ni. Da na je ta'aziyya, babbar 'yarta ta fito har zaure ta ce, “Baba direba, daina kuka. Kwananta ne ya ƙare, mun yafe.” Ta kawo mini ruwa, Yaya. Na sha.

Manaja ya ce in huta in dawo Litinin. Na ce ba zan iya ba, ya zaci firgita ce. Daga ni sai ke sai likita muka san abin da ke akwai. Abin da suka yafe ba shi ne abin da na yi ba. In na faɗa, wataƙila a ɗaure ni. In na yi shiru, ban san yadda zan ɗaga hannu in yi addu'a ba. Ki gaya mini abin yi, wannan karon zan ji.

Auta.

*

Auta,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta.

Ina tafe ranar Asabar, motar farko. Ka gaya wa matarka komai kafin in iso, kada ta ji a bakin wani. Ka nemo takardun asibiti. Daga tasha gidan marigayiyar za mu wuce, daga can kuma inda suka ce mu je.

Kada ka shiga kai kaɗai. Ni zan fara magana, don ni ma na sani.

Sai na zo.
Yayarka.