Na Cire Wa Goggona Haƙorin Makka, Saniyarta Za Ta Biya

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ke da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah ki ɓoye sunana. Masu zagi kuma ku ɗan dakata ku ji ƙarshe, don duk abin da za ku faɗa na riga na faɗa wa kaina.

Ni saurayi ne daga wata ruga a wajen Ruwan Bago. An kira ni intabiyu a makarantar koyon likitan haƙori. Intabiyu fa kawai, ko ƙofar ajin ban gani ba, amma tun ranar da labarin ya shigo gari sunana ya ɓace, kowa sai Likita. In na je masallaci, Likita. In na je kiwo, tsoho zai tare ni ya wage baki ya ce in duba masa. Ni kuma uban son girma, sai in leƙa in gyaɗa kai, in ce a kuskure da ruwan gishiri. Wallahi daɗi nake ji.

Wani abokina a Karaye da ya taɓa shiga irin wannan intabiyun shi ya ƙarasa ni. Ya ce ba karatu kaɗai suke tambaya ba, suna son su ji me ka taɓa yi wa mutanenka da hannunka. To ni me na taɓa yi? Tatsa da noma? Sai na duƙufa kallon bidiyon cire haƙori a waya, har na fara ganin abin ba komai ba ne.

Goggona, yayar Baffana mahaifina, ita ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata. Sau ɗaya ta je Hajji a rayuwarta, ta dawo da haƙorin Makka, kuma duk faɗin rugarmu ita kaɗai ke da shi. Ko dariya ba ta so, sai ta yi don a gani. Haƙorin da ke ƙarƙashinsa ya daɗe yana damunta, kullum da kanumfari a bakinta. Na ce mu je asibiti ta ƙi, wai za su raba ta da shaidar Hajjinta. Ta ce ga likita a ɗakinta, wa zai kai ta wajen baƙo? Maimakon in ce ban iya ba, sai na ce zan zare zinaren kawai, in wanke, in mayar. Na dafa filayar babur a ruwan zafi, wai ni mai tsafta. Na kama na ja, sai na ji ƙas. Haƙorin ya karye, rabi ya fito da zinaren, rabi ya tsaya a dasashi. Har yau ina jin ƙarar nan a kunnena.

Kafin kwana biyu fuskarta ta kumbura har ido ya rufe, ga zazzaɓi. Baffa ya ɗauke ta sai asibiti a Rogo, aka cire sauran. Likitan ya tambaye ta wa ya taɓa mata baki, ta ce ba kowa, saniyarta ce ta harbe ta tana tatsa. Ya ce wannan bai yi kama da harbi ba, ta ce shi yana wurin ne? Ina tsaye a bakin gadon, na bar laifina a kan saniya.

Saniyar nan, Amarya take ce mata, gadon mahaifiyarsu ce, ba ta taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba. Yanzu Baffa ya rantse ba za ta ƙara kwana a garkensa ba in ranar kasuwa ta zo, kuma ya ce da kuɗinta za a yi min guzurin tafiya. Kun ji fa. Ni na yi ɓarna, ita za a kai wa mahauta, ni kuma a saka min albarka.

Na je na durƙusa gaban Goggo na ce zan faɗa wa Baffa gaskiya. Ta kama kunnena ta murɗe, ta ce ta san ƙaninta, in ya ji ko tasha ba zan taka ba, kiwo zan koma har in tsufa. Sai ta kwance bakin zanenta ta damƙa min zinaren.

"Riƙe. In ka zama likitan gaske ka mayar min da abuna."

Anti, haƙorin da za a ɗora shi a kai babu shi, ni na karya. Haushin abokina nake ji, haushin mutanen garinmu nake ji da Likitansu, har ita Goggon haushinta nake ji, don ta ɗaure ni da alherin da ban cancanta ba. Mako mai zuwa a wajen intabiyu za su tambaye ni me ya sa nake son aikin nan. Da wane baki zan amsa? In na yi magana karatuna ya tafi, kuma na mayar da ita maƙaryaciya a gaban ƙaninta. In na yi shiru, Amarya ta tafi. Ɗazu na ga Goggo a garke tana shafa mata wuya, ta rufe bakinta da mayafi.

Jama'a, ni yanzu me zan yi?