Itatuwan Haya da Darbejiyar Babana

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Sashen Kula da Muhalli da Itatuwan Bakin Titi.

Daga:
'Yar mai gyaran takalma,
Gida mai shuɗiyar ƙofa, daura da kamfanin kayan kwalliya.

9 ga Mayu, 2024.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: IZININ DA KAMFANIN KAYAN KWALLIYA KE NEMA NA SARE DARBEJIYAR ƘARSHE A LAYINMU

Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, ina neman afuwa idan na shiga hurumin da ba nawa ba. Ni ba mai yawan magana ba ce, har na gama jami'a wasu 'yan ajinmu ba su san muryata ba. Sai dai tagar ɗakina tana kallon ƙofar kamfanin nan, kuma ido ba ya jin kunya. Ga abin da na gani.

1. A bara kamfanin ya fitar da abin da ya kira Manufar Kare Muhalli. Babban alkawarin ciki shi ne, duk kwalbar man shafawa da aka saya za a dasa bishiya guda. An buga wannan a jikin mai da hoda da jan-baki, har masu gadi aka ɗinka wa korayen riguna. Ƙanwata ta sayi kwalba biyu, ta dawo gida tana cewa ta yi sadaka mai gudana.

2. Darbejiya uku ce a ƙofar gidanmu. Ranar 26 ga Fabrairu aka sare biyu domin a kafa allon tallan wannan manufa. A jikin allon akwai wata mata mai fuska sumul kamar an bi ta da dutsen guga, ta rungume bishiya tana murmushi. Ina mai sanar da Mai Girma Darakta cewa allon ma yana yin inuwa, amma cikin harabar kamfanin take faɗawa, inda manajoji ke ajiye motoci.

3. Ranar 2 ga Maris aka yi bikin dashe a gefen titinmu. An kafa rumfa, an jera kujeru, manajoji sun sa sabuwar safar hannu, kowa da shebur ɗinsa da aka ɗaura wa koren ƙyalle. Wakilin ofishinka ya halarta, shi ma ya dasa tasa aka tafa masa. Abin da bai tsaya ya gani ba shi ne, ba a cire wa ko bishiya guda baƙar ledarta ba, da ita aka binne su. Baƙi na watsewa, motar da ta zo kwashe rumfa ta ja baya, leburori suka bi rami rami suna ciro itatuwan, suka kakkaɓe musu ƙasa, suka jera su kusa da kujeru. Ramukan suna nan, ruwa ya taru a ciki, sauro ya samu gidan kyauta.

4. A cikinsu akwai wata 'yar bishiya mai karkataccen wuya da aka tallafe da tsinken gora. Na gane ta a hotunan da kamfanin ke sawa a shafinsa: ga ta a filin wata makaranta, ga ta a bayan wani asibiti, ga ta a bakin kogi, ko'ina wani babban mutum ya durƙusa a gabanta yana washe baki. Mahaifiyata ta ce wannan bishiya ta fi ta ganin duniya. Mahaifina kuwa itatuwan haya yake kiran su, wai tare da rumfa ake ɗauko su, tare ake mayarwa.

5. Ranar 18 ga Afrilu na daure na shiga ofishin hulɗa da jama'a na kamfanin. Jami'ar da ke wurin ta kira ni 'yar ƙanwata, ta saurare ni tana latsa waya, sannan ta bayyana mini cewa dasawa manufar ta yi alkawari, kuma ai ana dasawa, kowane dashe ana lissafa shi. Da na tambayi makomar itatuwanmu, sai ta ƙura wa goshina ido, ta ce ƙurajen nan suna da magani. Ta ba ni ɗan ƙaramin mai na gwaji da koriyar hula. Na karɓa na yi godiya, don kuwa haka aka koya mini a gida. Ban san inda zan kai takaicin ba, shi ya sa na kawo shi nan.

6. Yanzu an shafa wa darbejiya ta uku jan fenti. Ma'aikacin da ya shafa ya shaida mana cewa rassanta suna rufe fuskar matar allo, kuma an tsayar da 20 ga Mayu, sa hannunka kawai ake jira. Ranka ya daɗe, a ƙarƙashin wannan bishiya mahaifina ke gyaran takalma tun kafin a haife ni. Ba shi da shago. A jikinta yake rataye takalman da ya gama, nan masu kawo aiki suka san shi, da abin da ya samu a gindinta na yi karatu. Ya manyanta, hawan jini ba zai bar shi ya zauna a rana ba. Ranar da aka sare sauran biyun, matsar da bencinsa kawai ya yi. Wannan karon babu inda zai matsar.

Bisa ga abubuwan da na zayyana, ina roƙon Mai Girma Darakta da ya hana wannan izini. Idan fuskar matar ce damuwarsu, allo ne, ana iya ɗaga shi. Ina kuma roƙon a turo jami'i ba tare da sanarwa ba, ya duba ramukan, idan da hali ya bi motar rumfa ya ga inda itatuwan ke kwana. A ƙarshe a umarci kamfanin ya dasa biyu a madadin waɗanda ya sare, a cire musu leda, a kuma bar su a wurin.

Mahaifina ya ce ranar 20 ga wata zai fito aiki kamar kullum, in sun zo su fara da benci. Na san halinsa, ba zai tashi ba. Ni ma zan ɗauko kujerata in zauna kusa da shi, ko da kuwa duk layin zai taru yana kallona. Amma da so samu ne, takardarka ta riga zarto isowa.

Allah ya ƙara wa Mai Girma Darakta lafiya da adalci. Na gode da haƙurin karantawa.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Babbar 'yar mai gyaran takalma