Jan Biron Malama a Kan Taswirata

Laraba, 4 ga Fabrairu, 1976

Na tsani Malama Saratu. Na rubuta, kuma ba zan goge ba.

Sati biyu na yi ina zana taswirar jihohi goma sha biyu a kwalin da Baba ya sayo min a Babbar Kasuwa. Kogin Kwara ma da shunin wankin Inna na shafa shi. Malama ta ce wadda ta fi kyau za a manna a bangon aji. Ni da ko hannu ba na iya ɗagawa a aji, a nan na sa raina.

Jiya rediyo ya ce jihohi sun koma sha tara. Yau ta ɗaga taswirata a gaban kowa, ta zaro jan biro. "Ku duba, 'yan mata, haka aka raba Arewa maso Gabas." Ta ja layi biyu, ƙiii, daidai inda na fi shan wahala. Rabi ta ce, "Su Binta an zama tsohon yayi!" Aji ya kwashe da dariya.

Wai Malama har da ce min, "Kin ga ta yi amfani."

Ta manna ta kuwa, da sunana a ƙasa. Gobe zan riga kowa shiga aji in ciro abata.