Lambar Fensir a Bangon Tokamak

Ƙanena,

Bayan gaisuwa, da fatan iyali lafiya. Tunda ka daina ɗaukar wayata, ga takarda.

Tun farkon wata, duk lokacin da muka kunna tokamak, injin nan namu na gwajin makamashin nukiliya, plasmar cikinsa, iskar gas ɗin da ya kamata ta fi rana zafi, sai ta huce ta mutu, na'urar awona kuma tana nuna sinadarin kabon a ciki, shi ke sanyaya ta. Shugaban sashe ya ce ban iya aikina ba, a gaban ɗalibaina. Jiya aka buɗe tukunyar injin na shiga. Kowane tayil na ƙarfen tangistin da ka ɗaura a bangonta, ga lamba da fensir a gefensa. Bakin fensir galibinsa kabon ne, ka fi kowa sani. Kada ka ce ba kai ba ne, ni na koya maka rubuta bakwai ɗin nan mai ƙugiya. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Yayarka.

Yaya,

Ina gaisuwa. Tun da na fara aiki, da fensir muke sa lamba. Lokacin bangon kansa na kabon ne, ba wanda ya ce uffan. Kun canza bango, amma ba wanda ya sauko ya ce mu canza hannu. Ku a sama taro, mu a ƙasa laifi.

In kin faɗa, korata za su yi, ga matata ta kusa haihuwa. Ki sa tsumma ki goge ki yi shiru mana. Inna ma ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki.

Ƙanena,

Har gaban Inna ka kai ni ƙara? In na goge na yi shiru, gyara na gaba abokan aikinka su sake zana bangon, a sake cewa ni ce sakarai. Na faɗa wa shugaba. Na kuma faɗa masa a fuskarsa cewa rabin laifin nasa ne, tunda bai taɓa sanar da ku ba. Ya ce zai duba. Haƙuri kuwa bai ba ni ba.

Ka gaishe min da matarka.
Yayarka.

Yaya,

An haihu, mace. Inna ce ta ce in sanar da ke.

Na ji plasmarku ta kama, barka. Ki yi haƙuri da rubutun fensir, shi kaɗai suka bar ni na fito da shi ranar da suka sallame ni.

Ƙanenki.