Waɗanda Suka Kasa Hawa Bene

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, ya ƙafar taka? Ya shago? Ina fata ka rage zama kan keken ɗinki, ko da yake na san kunnen ƙashi gare ka.

Baba, wani abu yana cin raina. Shekara biyu ke nan muna gwajin sabon maganin ciwon zuciya a cibiyarmu. Mun gama, sakamako ya yi kyau, har Farfesa, shugabanmu, ya yi murmushi, abin da ban taɓa gani ba. Saura in sa hannu a rahoton, tunda ni na haɗa alƙaluman.

Ƙa'idarmu ita ce duk wanda ya fasa zuwa awo sau uku a jere, a cire shi daga lissafi. Mutum goma sha ɗaya na ja wa layi da hannuna. Cikinsu akwai wata tsohuwar malamar makaranta da muke kira Mai Lema, don da lema take dogarawa. Ɗakin awonmu yana hawa na huɗu, kuma da ƙafa ake hawa. An zaɓe shi ne don ya fi haske, masu ɗaukar nauyin aikin su gani su yaba. Nakan ji ƙwas-ƙwas ɗin lemarta a matakala, ta huta a hawa na biyu, sannan ta ƙaraso tana haki, tana yi mini tsiya wai benenmu zai riga ciwon kashe ta.

Wata takwas rabona da ita. Amma tun da na ja layin nan nake jin lemar. Da rana tsaka sai in ji ta taho, ta tsaya a hawa na biyu, daga nan shiru. Na leƙa ya fi sau goma, ba kowa sai bokitin mai shara. Tsoro nake ji, Baba.

Ka gaishe da Yaya da yara.

Taka,
Auta

Babana,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Na ga amsarka, inda ka ce in kwantar da hankali, tef ɗin awo ba ya ƙarya.

Na bi adireshin mutum goma sha ɗayan nan gida-gida. 'Yar Mai Lema ce ta buɗe mini ƙofa. Wata biyar da rasuwarta. Ta ce bayan fara maganin ƙafafunta suka kumbura, kuma sau biyu tana zuwa cibiyar, ta kai hawa na biyu ta juya, don kunyar a ce an ɗauke ta. Lemar tana nan rataye a bayan ƙofa. Na samu tara daga cikin sha ɗayan. Uku sun rasu, biyar ko dokin ƙofa da ƙyar suke tsallakewa, ɗaya ne kawai aiki ya hana.

Farfesa ba mugu ba ne. Ya ce an rubuta ƙa'idar tun kafin mu ga fuskar kowa, ita ke kare mu daga son rai, kuma ba ni da hujjar cewa maganin ne ya kwantar da su. Gaskiyarsa, ba ni da ita. Amma benen ne ya hana mu samunta, kuma ba kimiyya ce ta zaɓi ɗakin ba, mu ne, don a yaba mana.

Ban sa hannu ba. Wataƙila rahoton ya fita ba sunana, wataƙila ma in rasa aikina. Lemar kuwa har yau ina jin ta.

Tef ba ya ƙarya, Baba, na yarda. Amma na tuna ina ƙarama, in tsoho ya kasa zuwa shago, kai kake naɗe tef ɗinka ka je gidansa ka auna shi. Mu zama muka yi a sama, muka auna waɗanda suka iya hawowa.

Ka sa ni a addu'a.

'Yarka,
Auta